Kafin Ku Sa Sola a Gida: Shawarwari 27 na Auna Riba da Tsada

Duk unguwar da mutum ya shiga yau a Kano, Kaduna, Sakkwato ko Maraɗi, da ya ɗaga kai zai hango farantan sola jere a kan kwano. Ba abin mamaki ba ne. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta yi ta hawa har ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Oktoban 2024 kuma galibin jihohin Arewa suka kwana fiye da bakwai cikin duhu, bayan manyan layukan da ke kawo musu wuta sun lalace. Mutanen Nijar su ma sun ɗanɗana tasu a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke musu wuta bayan juyin mulki.

To amma maigida da uwargida, rana ce kyauta. Kayan kama ta da kuɗi ake saye, kuɗi kuma masu kauri. Wani ya sa sola ya huta, wani ya sa ta zame masa ciwon kai, kuma abin da ya raba su shi ne lissafi kafin a je kasuwa. Ga abubuwan da ya kamata ku auna.

1. Ku fara rubuta abin da rashin wuta ke ci muku yanzu.
Ku ɗauki wata guda cur kuna rubuta kuɗin fetur, baƙin mai, gyaran janareto, katin mita, ƙanƙara, cajin waya a shago da baturan tocila, har da miyar da ta lalace aka zubar. Wannan jimillar ita ce ma'aunin da za ku ɗora farashin sola a kai. Yawancin gidaje sai sun tara ta wuri guda suke ganin girmanta.

2. Ku san ainihin abin da janareto ke sha.
Matsakaicin janareton gida mai ƙarfin kVA 2.5 yana shan wajen lita ɗaya a awa idan an ɗora masa kaya. Idan awa 4 kawai kuke tayar da shi kowane dare, lita 120 ke nan a wata, 1,440 a shekara. Ko a kan Naira 900 aka sayi lita, kuɗin ya doshi miliyan 1.3, ban da kuɗin bakanike. Gidan da ke irin wannan ɗawainiya shi sola ta fi yi wa rana.

3. Ku duba awa nawa ake ba layinku wuta.
A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun aƙalla awa 20 a rana, daga wajen Naira 68 zuwa 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta. Duk da haka yunit ɗin NEPA ya fi na janareto araha nesa ba kusa ba, don ƙaramin janareto da ƙyar yake fitar da yunit 2 daga lita guda. Idan layinku na samun wuta sosai, ƙaramar inbata da batir za su iya isar ku. Idan kuwa sai an yi kwanaki ake ƙyallo muku ita, sola ce mafita.

4. Ku raba kuɗin sola da abin da za ta rage muku a wata.
A misali, idan kaya da aiki sun kama Naira miliyan 2.4, kuma za su rage muku 100,000 duk wata, cikin wata 24 kun mayar da kuɗinku. Idan kuwa 20,000 kacal za su rage, shekara 10 za ku jira, kafin nan mai yiwuwa an canza batir fiye da sau ɗaya. Lissafin da ya fito ƙasa da shekara 4 ciniki ne mai kyau. Wanda ya zarce haka da yawa, ku rage girman abin da za ku saya.

5. Ku zagaya gida da biro da takarda.
Kowane kayan wuta yana da lambar wat a jikinsa, sai ku ninka ta da awannin da yake aiki a rana. Fanka 4 masu wat 70 na awa 10 sun ci 2,800. Ƙwai 8 masu wat 10 na awa 6 sun ci 480. Talabijin mai wat 60 na awa 5 ya ci 300. Firji wajen 1,300. Cajin wayoyi 120. Jimilla 5,000, wato yunit 5 a rana, kuma wannan lambar za ku miƙa wa mai sayarwa, kada ku tsaya a kan cewa gidanku ɗaki uku ne da falo.

6. Ku rage cin wuta kafin ku sayi faranti ko ɗaya.
Tsohon ƙwan nan mai zafi wat 60 zuwa 100 yake ci, na LED kuwa da wat 10 zai haska muku ɗaki. Fankokin zamani masu ƙarancin ci wat 25 zuwa 30 suke ja, don haka canza fanka 4 ɗin nan kaɗai zai sauke muku fiye da yunit ɗaya da rabi daga 5 ɗin da muka lissafa. Galibi kuɗin sababbin fankoki bai kai kuɗin ƙarin batir da farantin da za ku saya don ciyar da tsofaffin ba.

7. Ku raba masu zafi da layin sola.
Dutsen guga na jan wat 1,000 ko fiye, butar dafa ruwa 1,500 zuwa 2,000, rishon lantarki da hita su ma haka. Ku sa mai haɗa wuta ya yi muku layi biyu: ɗaya na fitilu, fanka, firji da talabijin, ɗaya na masu nauyi da zai tsaya a kan NEPA. Da haka ko baƙo ko yaro ya jona hita da asuba, ba zai tatse muku batir ba.

8. Ku yanke shawara a kan na'urar sanyaya ɗaki tun da wuri.
Mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan sama da wat 1,000, kuma a dare guda na bazara za ta iya cinye yunit 6, fiye da abin da duk gidan ke ci a wuni da kwana. Sa ta cikin lissafi yana iya ninka kuɗin aikin gaba ɗaya. Idan ba makawa, ku sayi mai tsimin wuta, ku kunna ta tsakar rana ɗaki ya ɗauki sanyi, da dare fanka ta karɓa.

9. Ku ƙirga farantai da abin da suke bayarwa a zahiri.
Allah ya hore wa ƙasar Hausa rana, a matsakaici awa 5 zuwa 6 na rana mai ƙarfi kullum. Faranti mai wat 550, bayan an cire asarar zafi da ƙura da waya, wajen yunit 2 yake bayarwa a wuni, don haka gida mai yunit 5 yana bukatar guda 3. Ku ƙara ɗaya a kai saboda hadari da hazo, tunda faranti ya fi sauran kayan sauƙin kuɗi da daɗewa, mai kyau yana kai shekara 25 yana aiki.

10. Ku san cewa batir ne ke cinye kuɗin.
Batir tamkar randa yake: abin da aka zuba da rana shi za a sha da dare, kuma idan ana ƙwalƙwale shi kullum ba ya ƙarko. Babban batir mai ruwa, mai lamba 12V da 220Ah, wajen yunit 2.6 yake riƙewa, amma rabi kawai ya kamata a sha idan ana so ya daɗe. Gidan da ke cin yunit 3 da rabi daga magariba zuwa hantsi sai ya lissafa guda 4, tunda bibbiyu ake haɗa su a inbata mai 24V.

11. Ku auna litiyam da mai ruwa a kan shekaru.
Batir mai ruwa ya fi arha ranar saye, amma a zafinmu shekara 2 zuwa 4 yakan yi. Na litiyam mai alamar LiFePO4 ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ke cikinsa, ba a zuba masa ruwa, kuma mai inganci yana kai shekara 8 zuwa 10. Guda ɗaya mai yunit 5 zai yi aikin waɗancan huɗun. Ku raba farashin kowanne da shekarunsa, nan za ku ga wanda ya fi tsada da gaske.

12. Ku sayi inbata daidai kaya.
Firji da injin ruwa suna jan ninki 3 ko fiye na wutarsu a lokacin tashi, don haka a bar musu sarari a lissafi. Amma kada ku zarce gona da iri, domin babbar inbata ita kanta tana iya cinye kusan yunit ɗaya a wuni da kwana ko ba a kunna komai ba. Ku gwada ta da fanka a shago. Idan kuka ji fankar na gurnani, wutarta ba lafiyayya ba ce, kuma za ta wahalar da firji.

13. Ku nemi kwantirola mai alamar MPPT.
Ita ce ke tsakanin faranti da batir, tana daidaita caji. Ta fi mai alamar PWM kuɗi, amma tana iya tatso ƙarin kashi 20 cikin ɗari ko fiye daga farantai iri ɗaya. Yawancin inbatocin zamani da ita suke zuwa a ciki, sai ku tambaya don kada ku saya sau biyu.

14. Ku mayar da manyan ayyuka tsakar rana.
Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 na yamma wuta ta fi yawa, kuma da batir ya cika, rarar a banza take tafiya, tunda yawancin gidajenmu ba sa sayar wa kamfani. A wannan lokaci za a tura ruwa tanki, a yi markaɗe, a kunna injin wanki, a bar firiza ta daskare. Uwargida, ki jera robobin ruwa a firiza da rana. Ƙanƙararsu za ta riƙe sanyi har safe ko an kashe ta da dare.

15. Ku fara da kaɗan, ku bar ƙofar ƙari.
Faranti ɗaya ko biyu da ƙaramin batir sun isa fitilu, fanka biyu da cajin waya, kuma waɗannan su ne rabin wahalar gida. Ku zaɓi inbatar da za ta karɓi ƙarin farantai nan gaba, a ja waya mai kauri tun farko don kada a sake aiki. Abin lura ɗaya: ba a haɗa sabon batir mai ruwa da tsoho, domin tsohon zai ja sabon ƙasa.

16. Ku duba kaya da ido da sikeli.
Araha ba ta ado, kuma manna takardar ƙarya a bayan faranti ba wuya ba ne. Faranti mai wat 550 na gaske tsawonsa ya haura mita 2, faɗinsa ya ɗan ɗara mita 1. Babban batir mai ruwa kuma nauyinsa wajen kilo 60 ne, idan kuka ji shi sakayau ku ajiye. Ku duba ranar da aka ƙera batir, ku karɓi rasit mai lambar kowane kaya da takardar garanti a rubuce.

17. Ku tambayi mutum uku kafin ku ba da aiki.
Kowanne ya rubuto muku farashi dalla-dalla: faranti, batir, inbata, waya, ƙarafa, kuɗin aiki. Ku nemi ya kai ku gidan da ya yi wa aiki shekara guda da ta wuce, ku ji daga bakin mai gidan. Wanda ya yanke muku farashi bai tambayi kayan da kuke kunnawa ba, ku yi masa godiya ku nemi wani.

18. Kada ku yi tsimi a waya da kariya.
Siririyar waya tana zafi, tana cinye wuta, ita ce kuma kan haddasa gobara. Ku nace a kan ta jan ƙarfe zalla mai kauri. A sa fis ko bireka tsakanin batir da inbata, da tsakanin faranti da kwantirola, a kafa ƙarfen ƙasa da na'urar kare tsawa saboda damina. A kuma sa makunnin sauya layi, don kada wutarku ta koma kan turken NEPA ta kama mai gyara.

19. Ku fuskantar da farantai kudu, nesa da inuwa.
A yankinmu kudu ake fuskantar da su, a ɗan karkace kamar digiri 10 zuwa 15, wanda kuma zai sa ruwan sama ya wanke su ya gangara. Inuwar reshen darbejiya, tankin ruwa ko benen maƙwabci a kan gefen faranti ɗaya tana iya rage wutar duk jerin. Ku hau ku duba wurin da hantsi, da azahar, da la'asar kafin a ɗaura.

20. Ku tabbatar rufin zai ɗauka.
Iskar farkon damina ba ta wasa da kwano, don haka a ɗaure ƙarafan a jikin katako ko ƙarfen rufi, a toshe duk hujin ƙusa saboda yoyo. A bar tazara tsakanin faranti da kwano don iska ta ratsa, domin zafi yana rage ƙarfinsa, balle a watan Afrilu da ake haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. Idan katangarku gajeriya ce, a yi amfani da noti mai wuyar kwancewa saboda ɓarayi.

21. Ku riƙa wanke farantai, musamman da hunturu.
Daga Nuwamba zuwa Maris ƙura kan lulluɓe gilashin cikin 'yan kwanaki, wuta ta ragu mutum ya ɗauka batir ne ya mutu. Ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi sun wadatar, sau ɗaya a mako, da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Kada a watsa ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi, kada a taka faranti, kada kuma a tura ƙaramin yaro kan rufi.

22. Ku ba batir wuri mai sanyi da iska.
Zafi shi ne babban maƙiyinsa: ƙarin digiri 10 a kan 25 yana iya rage rabin rayuwar batir mai ruwa. Ku ajiye shi a inuwa, a kan katako, nesa da kicin da ɗakin kwana, domin yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji. Duk wata ku duba ruwansa ku cika da ruwan batir na asali, ban da na rijiya ko na leda, ban da ƙara asid.

23. Kada ku yanke NEPA, ku nemi mita.
A watan Agusta ana iya kwana uku rana ba ta fito da ƙarfi ba, ranar nan wutar kamfani ko janareto ne za su cika muku batir. Idan har yanzu bil na ƙiyasi ake kawo muku, sola ba za ta rage shi ba ko da sisi, don haka ku je ofishin kamfanin yankinku ku nemi mita mai kati. Janareton ma ku ajiye shi, ku riƙa tayar da shi jefi-jefi don kada ya kwanta.

24. Ku lissafa biyan kaɗan-kaɗan har ƙarshensa.
Kamfanoni irin su Sun King da d.light suna ba da ƙananan kayan sola a biya mako-mako ko wata-wata, kuma hakan ya taimaki gidaje da yawa. Ku ninka kuɗin da yawan watannin, ku kwatanta da farashin kuɗi hannu, ku kuma tambayi abin da zai faru idan biya ya yi jinkiri. Mai gudun kuɗin ruwa yana iya tuntuɓar bankunan Musulunci a kan cinikin murabaha, wato banki ya sayi kayan ya sayar masa a biya kaɗan-kaɗan, ko ya shiga adashi ya sayi kayan ɗaya bayan ɗaya, batir a ƙarshe don kada ya tsufa a ajiye.

25. Ku buɗe asusun batir tun watan farko.
Ranar canza batir tana nan tafe, kuma ita ce ke kayar da masu sola da yawa. Ku raba kuɗinsa da watannin da ake sa ran zai yi, ku riƙa ware wannan daga abin da kuka daina ba gidan mai. Ku ɗan ɗora wani abu a kai, tunda kayan daga waje suke zuwa, farashinsu kuma yana bin dala.

26. Ku sa rarar wuta ta kawo kuɗin cefane.
Firiza ɗaya mai aiki da rana tana iya fitar da ƙanƙara, zoɓo, kunun aya da fura mai sanyi, kuma a bazara ko watan azumi ba sa kwantai. Cajin waya, keken ɗinki mai wuta da injin aski duk ba su da cin wuta sosai. Abin da sana'ar ta kawo ku haɗa shi cikin lissafin lamba 4, za ku ga watannin mayar da kuɗi sun ragu.

27. Ku sa lafiyar iyali a kan sikeli.
Hayaƙin janareto yana ɗauke da guba marar wari, wadda ta sha kashe iyali guda cikin barci. Rabuwa da shi, da ƙararsa, da ajiye jarkar fetur a gida riba ce babba. Sai dai mataccen batir mai ruwa shi ma cike yake da dalma, kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu sanadin haƙar zinare. Kada a fasa batirin a tsakar gida ko a bar yara su yi wasa da shi. Ku mayar wa dillali ya rage muku kuɗin sabo.

Hukuncin a taƙaice shi ne: gidan da ke ƙona fetur kowane dare, sola za ta biya kuɗinta cikin 'yan shekaru, ta kuma ba shi barci mai daɗi. Gidan da ke samun wuta sosai, ƙaramin tanadi ya ishe shi, ba sai ya ci bashi ba. Gidan da ƙarfinsa bai kai ba tukuna, ya fara da ƙwai da fanka masu tsimi, su ma rage asara ne. Ku ɗauki biro da takarda yau, ku zauna da iyali ku fitar da lambarku ta yunit kafin ku taka ƙafa kasuwa. Allah ya hore abin saye, ya sa albarka a ciki.